Filin Tambaya da Amsa: Digiri na Biyu a Jinyar Al'umma ga Mai Aiki a Karkara

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan yawancinsu a kan magana ɗaya suke, wato ƙaro karatu bayan digiri na farko a fannin jinyar al'umma da kiwon lafiyar jama'a, kuma kusan dukkansu daga ƙananan asibitocin karkara na Kano da Jigawa suka fito. Na zaɓi huɗu, na taƙaita su saboda ƙarancin fili, sannan na sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malama. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma ungozoma, shekarata tara ina aiki a wani asibitin matakin farko a ƙaramar hukumar Kafin Hausa. Bara na kammala digirin jinya ta hanyar karatu daga nesa, yanzu kuma ina sha'awar yin mastas, wato digiri na biyu, a jinyar al'umma, amma abokan aikina suna cewa ɓata lokaci ne, tunda awon ciki da allurar rigakafi da shiga gidaje duk aikina ne na kullum. Me za a koya mini wanda ban sani ba, kuma a ina ake yin karatun?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Abokan aikinki suna da gaskiya ta fuska ɗaya, domin babu wanda zai koya miki tsira allura ko sauraron bugun zuciyar ɗan tayi a digiri na biyu, kuma mai yiwuwa ma hannunki ya fi na wasu malaman da za su koyar da ke faɗawa a wannan aiki. Abin da zai sauya shi ne wanda kike jinya. A gadon asibiti majinyacinki mutum ɗaya ne, mai suna, wanda ya kawo kansa ko aka kawo shi. A jinyar al'umma kuwa majinyacinki mazaɓa ce sukutum, har da matar da ba ta taɓa taka ƙofar asibitinki ba, kuma ita ce ma za a koya miki ki fi damuwa da ita.

Ɗauki babban littafin rajistar rigakafi da ke kan teburinki, wanda gefen takardunsa ya naɗe saboda gumi da ƙura. Kin san allurar Penta, wato rigakafin cututtuka biyar a haɗe, sau uku ake yi wa jariri, a mako na 6 da na 10 da na 14. A ce yara 100 sun karɓi ta farko, amma 70 ne kawai suka dawo karɓar ta uku. A yanzu abin da kike yi shi ne ki haɗa lissafi a ƙarshen wata ki tura hedikwatar ƙaramar hukuma, kin sauke nauyi. Wadda ta yi wannan karatu kuwa abin da za ta gani shi ne yara 30 sun ɓace a tsakani, kuma ta san cewa idan masu yankewa suka haura kashi 10 cikin ɗari to alama ce ta akwai matsala a tsarin. Daga nan sai tambayoyi su biyo baya. Daga waɗanne unguwanni ko rugage waɗannan yara suke? Shin a watannin da kogin Haɗejiya ya yi ambaliya ya yanke hanya suka daina zuwa? Ko kuwa jaririn ya yi zazzaɓi bayan allurar farko, ba a gargaɗi uwar tun da wuri cewa hakan na faruwa ba, kakar yaron ta ce kada a sake kai shi? Ko ranar rigakafin ce ta faɗa ranar kasuwa? Ko maigidan ne ya tafi ci-rani, ba a bar wa kowa izinin fita ba? Ruwa ba ya tsami banza, kuma kowane ɗaya daga cikin waɗannan dalilai maganinsa daban: wani yana buƙatar a ɗauki akwatin sanyi a kan babur a bi yaran har gida, wani maganar minti biyu ce da uwa kafin ta tashi daga benci, wani sauya rana ne kawai, wani kuma sai an zauna da mai unguwa da liman. Wanda bai iya tantance dalili ba zai yi ta wa'azin rigakafi da lasifika a garin da matsalarsa gada ce ta karye.

Ni kaina ban fahimci wannan bambanci ba sai a wata damina, ina sabuwar ma'aikaciya a wani ƙauye, lokacin da amai da gudawa ya ɓarke mana. Kwana uku muna rataye ledojin ƙarin ruwa a jikin ƙusoshin bango da rassan darbejiyar da ke tsakar asibitin, domin gadajen sun cika har an koma shimfiɗa tabarmi. Sai aka turo mana wata dattijuwar sista, wadda tun da ta zo ba ta taɓa sirinji ba. Kwali ta yage, ta zana garin da biro, ta sa masallacin Juma'a da kasuwa da makabarta da kowace rijiya, sannan ta riƙa bin masu jinya ɗaya bayan ɗaya tana tambayar gidansu da inda suke ɗiban ruwa, tana ɗiga alama. A raina na ce gudun aiki take yi. Kafin la'asar sai ga ɗige-ɗigen sun taru kewaye da wata rijiya marar murfi da ke gangare, inda ruwan sama ke wanko ƙazantar bayan gari. Ta ɗauki kwalin ta nufi ƙofar dagaci, aka dakatar da ɗiban ruwan rijiyar, aka zuba mata sinadarin kulorin, kuma cikin 'yan kwanaki sababbin masu zuwa suka ragu. Sai daga baya a aji na ji labarin likitan Ingila John Snow, wanda ya yi kusan irin wannan a birnin Landan a 1854, lokacin da ya bi sawun kwalara har zuwa wani famfon unguwa.

Sunan abin da sistar nan ta yi ilimin yaɗuwar cututtuka, kuma shi ne ƙashin bayan karatun. Tare da shi akwai ƙididdigar lafiya, da hanyoyin bincike, da ka'idojin aikin jinya, da tsara shirin lafiya da auna nasararsa, da manufofin gwamnati da yadda kuɗi ke tafiya a harkar lafiya, sai kuma zaman aiki a cikin al'umma da rubuta kundin bincike a ƙarshe. Ƙididdiga ce ke kayar da mafi yawan 'yan'uwanmu, saboda haka idan hannunki bai saba da kwamfuta ba, ki fara koyon manhajar lissafi ta Excel tun yanzu da alƙaluman asibitinki, domin kafin a kai ki ga SPSS, wato manhajar ƙididdigar bincike, za a ɗauka kin riga kin wuce wannan matakin. Kada lissafin ya ba ki tsoro, domin da shi ake magana a inda ake yanke shawara. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke rasuwa ta dalilin ciki da haihuwa a cikin kowace haihuwa 100,000, kuma yara 132 cikin 1,000 ba sa kaiwa shekara biyar. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko, kuma asibitin da ke cin gajiyar wannan asusu dole ya rubuta tsarin aiki, ya kare yadda ya kashe kuɗi. Irin wannan aiki yana neman wadda ta san ƙauye kuma ta iya alƙalami, kuma samun mai haɗa biyun shi ne abu mai wuya.

Game da wurin karatu, Jami'ar Ibadan ce ta fara ba da digirin jinya a ƙasar nan tun 1965, amma ba sai kin je can ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya tana da sashen nazarin jinya mai karatun gaba da digiri, kuma Jami'ar Bayero tana da cibiyar ACEPHAP, wadda aka kafa da tallafin Bankin Duniya domin nazarin lafiyar al'umma da manufofinta, inda ɗaya daga cikin kwasa-kwasanta mastas ne a jinyar lafiyar jama'a. Sharuɗɗa kan ɗan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, saboda haka ki karanta tallar shekarar da za ki nema da idonki, kada ki dogara da abin da wata ta gaya miki ta ji. Abin da kusan kowace ke nema shi ne digirin jinya mai daraja ta biyu, da lasisin aiki wanda bai ƙare ba, da takardar bautar ƙasa ko wadda ke nuna an ɗauke miki ita, da cikakken bayanin sakamakon jarrabawarki wanda tsohuwar jami'arki za ta aika da kanta. Wannan na ƙarshe shi ne mai jan rai, kuma ba a fafe gora ranar tafiya, ki nemi a tura shi watanni kafin a buɗe sayar da fom. Ki kuma riƙe cewa rajistar RPHN, wato shaidar zama ma'aikaciyar jinyar lafiyar jama'a mai rajista, wadda Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya ke bayarwa bayan jarrabawarta, daban take da mastas da jami'a ke bayarwa, kuma ɗaya ba ta maye gurbin ɗaya.

TAMBAYA: Malama, barka da aiki. Ni ma'aikacin lafiyar al'umma ne, wato CHEW, shekarata goma sha biyu a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Sumaila, kuma ni ne ke riƙe da asibitin daga ni sai mataimaki ɗaya. Zan iya shiga wannan mastas kai tsaye, tunda aikin al'umma nake yi tun farko?

AMSA: Ɗan'uwa, ba za ka iya ba, kuma wannan ba raini ba ne ga aikinka. A ƙaramar hukumarku aka samu yaro na ƙarshe da ƙwayar shan inna ta daji ta kama a Jihar Kano, a watan Yulin 2014, kuma da aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da ita a watan Agustan 2020, ƙafafun irinku ne suka yi tafiyar da ta kai mu can. Maganar ita ce layi biyu ne daban. Ma'aikatan jinya da ungozoma suna ƙarƙashin hukumarsu da aka kafa a 1979, ku kuma kuna ƙarƙashin hukumar rajistar ma'aikatan lafiyar al'umma da aka kafa a 1992, kuma mastas ɗin jinya sai mai digirin jinya da lasisinta. Hanyarka ita ce kwas ɗin CHO, wato na zama babban jami'in lafiyar al'umma, da ake yi a asibitocin koyarwa, har da na Malam Aminu Kano, sannan digiri na farko a lafiyar al'umma ko lafiyar jama'a, daga nan sai MPH, wato mastas a lafiyar jama'a, wanda ƙofarsa a buɗe take ga ma'aikatan lafiya iri-iri. Idan lallai jinya kake so, to sai ka koma ka faro ta daga tushe, kuma ga mai shekara goma sha biyu a bakin aiki da iyali a wuyansa, ni dai ba zan ba da wannan shawara ba, tunda ɗaya hanyar za ta kai ka kusan wuri guda ba tare da ka zubar da abin da ka tara ba.

TAMBAYA: Hajiya, ina gaisuwa. Ni manomi ne kuma ɗan kasuwar hatsi a yankin Ɗambatta. Maiɗakina nas ce mai digiri, tana aiki a asibitin garinmu, muna da yara huɗu, kuma ta matsa tana son tafiya wannan karatu. Ban ƙi ba, amma ina so a gaya mini gaskiya: shekara nawa zai ci, nawa zan tanada, kuma za a ƙara mata albashi idan ta gama?

AMSA: Alhaji, ina amsawa, kuma na yaba da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. A takarda, karatun cikakken lokaci yakan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, amma ka sa a ranka zai iya zarcewa, domin kundin bincike kan ja lokaci, kuma yajin aikin malaman jami'a na 2022 kaɗai ya cinye wata takwas. Shekarar farko ce mai nauyi a kan gida, saboda sai an halarci aji, kuma a lokacin ne za ku buƙaci wata daga cikin dangi, goggo ko kakar yaran, ta riƙe muku gida a ranakun karatu. Bayan an gama aji, yawancin aikin binciken tana iya yin sa daga garinku, sai dai ta riƙa leƙa malamin da ke duba aikinta lokaci zuwa lokaci.

Abin da na fi so ka sa ido a kai shi ne hutun ƙaro karatu. Kada ta taka ƙafa zuwa aji sai takardar amincewa ta fito a rubuce daga hukumar da ta ɗauke ta aiki, domin alkawarin baki na shugaban sashe ba ya kare kowa ranar da aka zo tantance ma'aikata, kuma na ga waɗanda aka tsayar wa albashi saboda sun tafi da cewa takarda tana kan hanya. Idan hutu da albashi aka ba ta, a bisa al'ada za ta sa hannu a yarjejeniyar dawowa ta yi aiki na wasu shekaru, saboda haka ku karanta ta tare kafin ta sa hannu. Idan kuma ita kaɗai ce ke karɓar haihuwa a asibitin, to ya kamata tun yanzu a fara maganar wadda za ta riƙe wurin, don kada matan gari su wayi gari su tarar da ɗakin haihuwa a kulle, laifin kuma ya dawo kan gidanka.

Batun kuɗi, bayan kuɗin makaranta da jami'a ke bayyanawa kowace shekara, ka tanadi na kwamfutar tafi-da-gidanka, da na intanet, da na mota, da na binciken kansa, wanda ya haɗa da sallamar masu taya ta tattara bayanai da buga takardu, kuma shi ne mutane suka fi mantawa da shi har sai ya tsayar da su. Kada a ruɗe ka da maganar TETFund, wato hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, domin tallafin karatunta na malaman jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi ne na gwamnati, bai shafi ma'aikaciyar asibitin ƙaramar hukuma ba.

Albashi kuwa, ba zan yi maka alkawarin zai tashi a watan da ta karɓi takarda ba, saboda ƙarin girma a aikin gwamnati yana tafiya ne da shekarun aiki da jarrabawa da samuwar gurbi. Abin da takardar ke yi shi ne ta sa sunanta cikin waɗanda za a iya dubawa idan ana neman malama a kwalejin jinya, ko mai kula da shirin lafiyar mata da yara a ƙaramar hukuma ko a hukumar lafiya matakin farko ta jiha, ko jami'a a ƙungiyoyin da ke aikin lafiya a yankinmu, sannan ita ce matakalar digiri na uku. Kai da kake sayen gero da kaka ka ajiye, ka fi ni sanin cewa ba ranar da aka zuba shi a rumbu ake ƙirga riba ba.

TAMBAYA: Malama, ni matashi ne mai digirin jinya, na gama bautar ƙasa, ina aiki a wani asibiti a ƙaramar hukumar Gwaram. Na rasa zaɓi tsakanin MPH da mastas na jinyar al'umma. Kuma na ga talla a Facebook ta wata jami'ar waje da ke ba da mastas ta intanet cikin wata tara. Me kika gani? Sannan wane irin batu ya dace da bincike a ƙauye?

AMSA: Ɗana, zaɓin ya danganta da inda kake son ka tsaya nan da shekara goma. Idan burinka koyarwa ne a sashen jinya na jami'a har ka yi digiri na uku a fannin, to mastas na jinya ya fi maka, domin sassan jinya sun fi son malaminsu ya zurfafa a jinyar kanta. Idan kuwa hankalinka ya fi karkata ga sa ido kan annoba ko gudanar da shirye-shiryen lafiya, MPH zai zaunar da kai aji ɗaya da likitoci da masu haɗa magunguna da jami'an tsaftar muhalli, kuma wannan cuɗanya kanta karatu ce.

Tallar nan kuwa, ka yi hattara. Akwai jami'o'in waje na ƙwarai da ke koyarwa ta intanet, amma kafin ka tura ko kwabo ka tabbatar jami'ar tana da izini a ƙasarta, kuma Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya, wadda ke tantance takardun karatun waje, za ta amince da takardarta. Mastas a fannin al'umma wanda babu fita cikin al'umma, babu bincike, kuma an gama shi cikin wata tara, ni ban ga abin da zai bar maka ba in ban da takardar rataya a bango.

Batun bincike kuma kada ka je nesa nemansa, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Me ya sa mata ke cika benci ranar awo amma su haihu a gida? Yara nawa ne cikin waɗanda tef ɗin awon damtse na gano tamowa ya nuna musu ja, wato ƙasa da santimita 11.5, suka sake komawa tamowa bayan an sallame su? Maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake raba wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 da damina, iyaye nawa ne ke ba da na rana ta biyu da ta uku bayan mai rabawa ya tafi? Ko annobar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 ta sauya yadda iyaye ke kallon rigakafi? Ka zaɓi ɗaya tak, ka matse ta har ta zama tambayar da za a iya amsawa a mazaɓa biyu ko uku da kuɗin aljihunka.

Kafin ka yi wa kowa tambaya ɗaya, sai ka sami izinin kwamitin ɗa'ar bincike a rubuce, kuma kada ka ɗauki wannan a matsayin cika takarda kawai. Mutanen yankin nan ba su manta da gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kimanin 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996 ba, kuma zargin da ya bari yana cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a jihar a 2003. Saboda haka ka bi ta ƙofa: hakimi, sannan dagaci, sannan mai unguwa, sannan maigida, kuma duk da izinin waɗannan, matar da za a yi wa tambaya tana da ikon cewa a'a ba tare da ta rasa komai a asibiti ba, kuma dole a gaya mata haka da Hausar da za ta gane kafin ta dangwala yatsa. Kai namiji ne, gidaje da yawa ba za ka wuce zaure ba, don haka ka nemi mata biyu ko uku masu karatu da aka sani a garin, ka horar da su sosai, ka gwada tambayoyin a wani ƙauye na kusa domin ka ga inda fassararka ta yi tauri. Ka kauce wa lokacin shuka da na girbi da ranar kasuwa, kuma a shiga gidaje da hantsi, bayan an gama daka an sallami yara makaranta, kafin a ɗora tukunyar rana.